Fatar Ragon Mamman Tela

Duk wanda ya tashi a Yakasai a wancan zamani ya san Malam Isiyaku Majemi. Wanda bai san shi da ido ba, to ya san shi da hanci. Gajere ne kakkaura, ruwan bagaruwa ya rine masa hannuwa har tsintsiya, faratansa kuwa jajaye kamar ya kwana da lalle. Tun yana ɗan shekara tara yake bin mahaifinsa majema can wajen Ƙofar Wambai, kuma bai taɓa sha'awar wata sana'a ba. Matarsa 'Yardada ta shekara arba'in tana turara masa riguna da turaren wuta, duk a banza. In ta yi ƙorafi sai ya shinshina hannun rigarsa ya ce shi bai ji komai ba, ita kuma ta ce ai dama gwano ba ya jin warin jikinsa.

Bai taɓa jin kunyar aikinsa ba. In wani ɗan gayu ya toshe hanci don ya gifta, Isiyaku yakan tsaya ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Takalmin ƙafarka fa, daga bishiya aka tsinko shi?" A wurinsa babu mutumin birni da zai wuni bai taɓa fata ba. Gugan rijiya fata ne, gafakar malam fata ce, kuben wuƙa da tandun kwalli da layar wuyan jariri duk fata ne, har gandar da ake wawaso a miya ma ita ce. Kuma ya iya karanta fata yadda malami yake karanta allo. Da ya shimfiɗa ta zai gaya maka ko dabbar ta ƙoshi, ko kaska ta sha ta, ko a ɗaure ta girma, ko kuwa wanda ya feɗe ta yana sauri ne zai tafi cin hanta.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne riƙon amana. Bayan Babbar Salla fatun layya sukan taru a gabansa fiye da ɗari, masu so a jeme musu buzu na salla, kusan duk farare. Ba ya rubutu, ba ya ɗaura alama, amma a shekara hamsin ba a taɓa jin ya ba wani fatar wani ba. Yakan ce fatu biyu ba sa zama ɗaya, ko da tagwaye ne ragunan. Da wannan magana yake taƙama, har ta kai in ana gardama a majema sai a ce a kira Isiyaku ya raba.

Mutum ɗaya ne a duniya yake sa shi ya manta da girmansa, wato Mamman Tela na Soron Ɗinki. Taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, kuma tun suna yawo ba wando suke tsokanar juna. Mamman gwani ne a kan keke, aljihun da ya ɗinka sai riga ta mutu ta bar shi. Amma Allah ya jarrabe shi da wani karambani. Duk ranar layya ba ya yarda a kira mahauci, shi zai feɗe ragonsa da kansa. Hujjarsa ita ce, wanda ya tsufa da almakashi a hannu ba za a koya masa yanka ba. Matarsa Asibi ce take riƙe masa ƙafar rago, tana faɗa yana faɗa, har a gama.

Kashegari da hantsi sai ga shi a majema da fata a kafaɗa, yana tafe yana washe baki. Isiyaku ya karɓa, ya ɗaga ta sama saitin rana, ya kira jama'a su zo su shaida. Sannan ya fara ƙirga hujin da wuƙa ta yi, da ƙarfi, yana nunawa da yatsa.

"Ɗaya! Biyu! Uku! Jama'a, wannan fata ce ko rariya?"

"Kai ba ka san zamani ba," in ji Mamman. "Tagogi na bar wa mai salla ya sha iska."

"Bakwai! Tela da wuƙa, Allah ya tsare mu."

Haka za su yi ta yi har masu jima su bar aiki suna dariya. Bayan an watse kuma Isiyaku ya zauna ya jeme fatar nan da kulawar da ba ya yi wa ta attajiri, ya toshe kowane huji da ɗan gutsure, ya ɗinke ta baya. Mamman kuwa bai taɓa ajiye ko ɗaya a gidansa ba. Da ya karɓa sai ya wuce da shi masallacin unguwarsu ya shimfiɗa. Sahun gaba na masallacin nan duk buzayensa ne masu faci.

A shekarar da soja suka yarda za su koma bariki, wato alif ɗari tara da casa'in da tara, an yi zaɓe kafin Salla. Bangayen lungu duk sun cika da hotunan 'yan takara, har katangar majema ba ta tsira ba. Isiyaku ya je ya dangwala ya dawo, ya ce babu wanda ya ga tawadar a yatsansa saboda bagaruwa ta riga ta. Siyasar ta zo masa da aiki. Wani dillalin fatu mai suna Ashafa ya kawo masa aikin fararen buzaye masu yawa, wai wani da ya ci zaɓe zai raba wa manyan baƙi ranar rantsarwa. Ashafa kullum yana bisa kansa yana cewa a yi sauri.

Sallar ta faɗo cikin tsananin zafi. Kashegarin layya Isiyaku ya yi ta duban hanya, Mamman bai zo ba. Ya ce a ransa, wataƙila bana hujin ya yi yawa har kunya ta kama shi. Da la'asar labari ya iso cewa tun yammacin Salla ƙirji ya kwantar da shi. Isiyaku ya je ya same shi yana numfashi sama-sama, ya ce masa, "Tashi malalaci, ina fatata?" Mamman ya yi murmushi kawai. Ran kwana huɗu ga Salla Allah ya karɓi abinsa.

Isiyaku ya ɗauki makara, ya shiga kabari ya karɓe shi, ya zauna karɓar gaisuwa kwana uku. Ko ɗigon hawaye ba a gani a idonsa ba. Shi dai ya koma majema yana kankarar fatun Ashafa tun safe har rana ta yi sanyi.

Bayan sadakar bakwai 'Yardada ta dawo daga gidan rasuwar da wani ƙunshi a buhu. Ta ajiye a gabansa ta ce, "Malam, saƙon Asibi ne. A bayan turmi ta tsince ta. Ashe ya feɗe, ya naɗe, ya ce gobe zai kawo maka."

Ta ce kayan sawarsa duk an rabar sadaka, keken ɗinki kuma na magada ne. Asibi ba ta nemi komai ba sai wannan. Tana so a jeme mata buzu ta zauna a kai ta ƙarasa takaba, ta riƙa salla a kai har nata ya zo. Ta ce wannan kam ba za ta kai masallaci ba, domin shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya yi.

Isiyaku ya kwance buhun. Tun kafin ya buɗe hancinsa ya gaya masa abin da ke ciki. Mamman ya barbaɗa gishiri a tsakiya kaɗai, ɗan kaɗan kamar mai gyaran miya, ya ninke ta da ɗanyenta, ta kwana goma sha ɗaya a zafin nan. Gefunan sun lalace, gashin wuya duk ya manne a jikin buhu. Ya kama gashin gadon baya ya ɗan ja, sai ya biyo hannunsa ba gardama. Ko ɗan koyo ya san fatar da ta fara sakin gashi ba ta zama buzu. Sabo ya sa ya ɗaga ta saitin haske ya ƙirga hujin a zuci. Goma sha ɗaya ne, Mamman bai taɓa kaiwa haka ba.

"Za ta yi?" in ji 'Yardada.

Ya sauke fatar ya ninke ta. Sannan ya ce, "Ki ce mata za a yi."

Ya gwada duk dabarar da ya gada da wadda ya koya da kansa. Ya wanke ta a hankali da ruwan sanyi, ya shafe cikinta da dakakkiyar bagaruwa, ya shanya a inuwa. Duk da haka gashi ya ci gaba da zuba, nan fari nan sanƙo. Da ya tabbata babu dama, sai ya tsoma ta a ruwan toka, ya kankare sauran gashin, ya datse ruɓaɓɓun gefuna, ya jeme ta tsirararta, ya shafe ta da man gyaɗa. Ta fito 'yar ƙarama, ja-ja, mai laushi, ga hujin nan goma sha ɗaya reras. Ya riƙe ta ya ji ba zai iya rabuwa da ita ba. Ya ƙudura zai kai wa baduku a Kurmi ya ɗinka masa 'yar jaka ya ajiye wa kansa. Shi ma ai yana da hakki a kan Mamman, kuma shi ba a bar masa ko allura ba.

Saura buzun Asibi. Fararen fatu ga su nan jibge, amma na Ashafa ne, ba zai taɓa ba. Sai ya ɗauko fatar ragon layyarsa, wadda ya feɗe da kansa, yawanci da dunƙulen hannu, babu ko ƙwarzane a jikinta. Ya jeme ta ta yi fari tas. Sannan ya shimfiɗa ta, ya ɗora ta Mamman a kai, ya bi hujin nan da gawayi yana ɗiga alama. Ya zaro wuƙa.

Mutumin da ya shekara hamsin yana zagin masu huda fata, yau ga shi durƙushe zai huda da gangan. Hannun ya ƙi. Da ƙyar ya yi na farko, ya duba, ya ga ya fito a miƙe sambal, ko makaho ya san ba aikin Mamman ba ne. Sai ya mayar da wuƙar hannun hagu, ya runtse ido, ya caka. Yana cikin haka Ashafa ya faɗo majema neman kayansa, ya yi turus.

"Innalillahi! Malam Isiyaku, lafiya? Ko rana ce ta taɓa ka?"

"Fatarka ce?"

"A'a, amma..."

"To kayanka suna can a ɗaure, ɗauka ka ba ni wuri."

Ashafa ya kwashi buzayensa ya fita yana waiwaye. Isiyaku ya ƙarasa ɓarnarsa, ya toshe hujin da faci ya ɗinke ta baya yadda ya saba yi kowace shekara. Da ya kai gida 'Yardada ta juya buzun sau biyu, ta dube shi ta gefen ido. Ita ta ba ragonsu dusa, ta san abinta.

"Malam, ramin ƙarya fa ƙurarre ne. Asibi wata bakwai tana kiwon ragon nan a tsakar gidanta."

"Farin rago ai farin rago ne," in ji shi.

"Yau kuma? A bakinka?"

Ya san ta kama shi. Amma ya kasa tunanin yadda zai tsaya gaban mai takaba ya ce mata abin da ta roƙa ya ruɓe a bayan turmi. Gara ya ɗauki zunubin a kansa ta sami abin zama.

Shi da 'Yardada suka tafi Soron Ɗinki ranar Asabar da hantsi, ranar da ake miƙa mulki. Kowane shago an kunna rediyo, mutane sun yi cirko-cirko suna saurare, masu shayi suna gardamar ko sojan za su tafi da gaske. Isiyaku bai tsaya ko'ina ba. Buzu na naɗe a hammatarsa, fatar Mamman kuma tana ninke a aljihun babbar rigarsa, don daga can zai zarce Kurmi wurin baduku.

Asibi tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, lulluɓe da mayafi, ido ba kwalli, ta rame. Aka shimfiɗa wa Isiyaku tabarma a tsakar gida ɗan nesa da ita. Suka gaisa, ya yi mata ya haƙuri, ta ce da godiya. 'Yardada ta karɓi buzun ta miƙa mata.

Asibi ta warware shi a kan cinyarta. Ta shafa gashin daga wuya zuwa gindi, ta juya bayan ta bi facin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ta sake juyowa ta koma wuyan, ta buɗa gashin wurin, ta daɗe tana kallo.

"Sannu da aiki, Yaya Isiyaku. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci."

"Amin," ya ce, ya fara laluben takalminsa.

"Ikon Allah," in ji ta a hankali. "Ragon nan yana ƙarami ya tura kai murhu yana neman ƙanzo, wuta ta lashe shi a nan. Gashin wurin bai sake fitowa fari ba, ja ya fito. Ashe jima har tabo take gogewa."

Ba ta ɗago kai ba. Ta buɗe masa ƙofa ce ya fita da mutuncinsa. In ya ce e, haka ne, bagaruwa takan yi haka, za ta karɓa ta yi shiru har abada, ta yi ta salla a kan fatar ragon wani. 'Yardada ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Daga maƙwabta ana jiyo rediyo, ana ta tafi.

Isiyaku ya saki takalmin. "Ba ta gogewa, Asibi. Jima ba ta goge tabo. Wannan ragona ne."

Ya gaya mata komai, gishirin da bai isa ba, da gashin da ya zube, da gawayi, da hannun hagu. Bai ɓoye mata ba har niyyarsa ta kai wa baduku. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar jar fatar. Hannunsa ya ɗan tsaya a kanta kafin ya miƙa wa 'Yardada ta kai mata.

"Ga taki. Ba gashi, ba ta kai buzu ba, ko facin ban yi ba. Ki yafe mini."

Asibi ta ture farin buzun gefe, ta shimfiɗa 'yar fatar a cinyarta. Ta zura yatsa a wani huji na wajen cinya, sai ta yi wata 'yar dariya, irin wadda ba a ji daga bakinta ba tun ranar Salla.

"Nan ne ya ce wai ni na saki ƙafar, alhali hannunsa ne yake rawa." Ta matsar da yatsan gaba. "Waɗannan ukun a jere, tari ne ya sarƙe shi. Na ce don Allah ka bari a kira mahauci, ba ka da lafiya. Ka san abin da ɗan'uwanka ya ce mini?"

Isiyaku ya girgiza kai.

"Ya ce, in na kai wa Isiyaku fata lafiyayya, me zai yi da bakinsa bana?"

A nan ne abin da ya toshe wa Isiyaku ƙirji wata biyu ya ɓalle. Ya rufe fuska da jajayen hannuwan nan nasa ya yi kuka, kuka sosai, kafaɗunsa suna rawa, a tsakar gidan mutane da rana tsaka. Matan ba su ba shi haƙuri ba, suka bar shi ya yi abinsa, su ma suna share nasu.

Da ya lafa, Asibi ta naɗe farin buzun ta ce a kai masallaci a sa a sahun gaba, kada sahun ya yi giɓi bana. Ta ce hujin nata kuwa kada a toshe ko ɗaya, haka take son abinta, in ta yi sujada goshinta ya sami wuri ya isa. Sannan ta tambaye shi, "Ka ƙirga?"

"Na ƙirga."

"A zuci ka ƙirga. Shi kuwa ba don haka ya yi ba."

Ta miƙo fatar. Isiyaku ya tashi tsaye, ya goge ido da hannun riga, ya kama ta gefe da gefe ya ɗaga saitin rana. Haske ya ɓullo ta hujin ya sauka a fuskarsa. Ya gyara murya, ta ƙi fita, ya sake gyarawa.

"Ɗaya," ya ce. "Biyu."

"Da ƙarfi, Yaya. Yadda ka saba."

"Uku! Huɗu! Biyar!" Muryar ta dawo, har kajin tsakar gida suka watse. Ya bi su duka da yatsa bai tsallake ko ɗaya ba. "Goma sha ɗaya, Mamman! Goma sha ɗaya! Tela da wuƙa..."

Ya tsaya nan, fatar tana sama, yana jiran amsa.